Barcin Kaka

Mai gabatarwa ya ɗaga ambulan ɗin gwarzon fim na bana, zauren ya yi tsit, amma wata darakta da fim ɗinta ke cikin gasar tuni ta cire rai.

Kowa a gidansu ya san hasashen Kaka ba ya kuskure. Duk fim ɗin da aka kunna mata ta ɓingire da barci a tsakiyarsa, shi alƙalai ke ba wa kambu. Har maƙwabta kan leƙo su tambaya, "Bana a wanne ta yi minshari?"

Makon jiya kuwa Kaka ta kalli fim ɗin jikar tata daga farko har ƙarshe, idonta biyu, har da tafi. Ranar babu wanda ya iya cin abinci a gidan.

"Daina wannan rawar jikin, 'yar nan," in ji Kaka da ke zaune kusa da ita a zauren, ta kamo hannunta. Mayafin Kaka ya zame. Ga sawun farce nan baƙi-baƙi a damtsenta, reras.

"Kaka, me ya same ki?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Mintsinin kaina na yi ta yi. Fim ɗin jikata guda, ai da kunya in yi barci. Amma wallahi tunda nake ban taɓa jin barci irin na ranar ba."

Daraktar ta daka tsalle, ta ƙwala ihun murna, ta ƙanƙame Kaka. Duk zauren ya waiwayo.

Mai gabatarwa ko ambulan ɗin bai gama yagewa ba.