Fawar da Aka Bayar Gyara

Kai da kake cewa jira ya ishe ka, gyara zama ka ji wani misali. An yi wata mata mai zanen gine-gine da ta ƙudura sai ta haɗa kwamfutar tebur da hannunta, don 'yar ƙaramar da take da ita ta gaza, da an ɗora mata zanen bene sai ta hau nishi. Ta bi kasuwa tana tsintar kaya ɗaya bayan ɗaya, yau ƙwaƙwalwa, wani watan faifan ajiya, har ta kai ga katin hoto, wato sashen da ke fito da zane a fuskar kwamfuta, wanda shi ne ƙashin bayan aikinta. Sai da ta rabu da awarwaron da uwarta ta bar mata kafin ta mallake shi, kuma ta san in ya tafi ba ta da wani abin sayarwa. Ran da ta sayi gidan da za a jera kayan ciki, mai shago ya miƙo mata fawa, wato akwatin nan da ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa, ya ce gyara ce. To, wa ke mayar da gyara? Ta karɓa ta yi godiya. Amma da ta je gida ta jinjina ta a hannu, sai ta ji ta sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye, alhali takardar jikinta na cika bakin za ta ɗauki duniya. Ta tura ta ƙarƙashin gado, ta ce ba za ta kunna ba sai ta sami mai nauyi, wadda ƙarfinta ya haura bukatar katin, kuma mai yanke wuta da kanta in wutar ta zo da hauka.

Ai kuwa ta sha baki. Wani abokin karatunta da suka sayi kaya a shago ɗaya ya ɗaura tasa gyarar tun ranar, kwamfuta ta tashi, fanka na juyi, fitilu ja da kore. Kullum ya kira sai ya tambaye ta ko amaryar ta fito daga lalle. Ana haka wani ɗan kasuwa ya kawo mata zanen jerin shaguna, aikin farko mai tsoka da ta taɓa samu, ya ce shi fa sauri yake yi. Wallahi ranar sai da ta jawo fawar nan ta kakkaɓe ta, ta zauna tana kallon ta, tana kallon katin. Zuciya na cewa sau ɗaya dai, me zai faru? Ta cije, ta mayar da ita inda take. Ɗan kasuwa ya kwashi aikinsa ya kai wa abokin nata, ta yi kukanta ta share hawaye, ta ci gaba da ƙananan zane a tsohuwar kwamfutarta har Allah ya hore mata fawar da take so.

Ba ta daɗe da ɗaurawa ba aka kawo wuta da ƙarfi a unguwar wata azahar. Fawarta ta ɗauke ɗif, ta jira wuta ta daidaita, ta danna, ta tashi garau. Bayan la'asar sai ga sallama a ƙofar gida. Abokin ne, rigarsa na ƙaurin roba, faifan ajiya a hannu. Fawarsa ta yi tartsatsi ta tafi da katinsa, ga ɗan kasuwa na jiran zane gobe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki taimake ni in ƙarasa a taki." Ta jawo masa kujera.

Ka ji shi ya sa Hausawa ke cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.