Maginiya da Murhunta Marar Amo

Wallahi Nafi'u ka ishe ni. Sati uku ke nan takardar gasar nan tana ninke a aljihunka, har ta yi laushi kamar tsumma. Kai ne ka tsince ledar ruwa daga kwatocin unguwa, ka narka ta da yashi, ka yi bulon daɓe, har ƙofar masallacinmu ta daina taɓo. Ga masu neman irin wannan dabara sun sa gasa, amma kullum na tambaye ka sai ka ce wai gefen bulon bai yi santsi ba, wai masu digiri za su zo, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ran Alhamis fa za a rufe karɓa. Zauna ka ji, ni gwaggonka ce, ba zan yi maka daɗin baki ba.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye da itace ya yi wuya, har mata kan wuni a daji su dawo da 'yan ƙirare. Wata rana yumɓunta ya gaza, sai ta cuɗa shi da ƙaiƙayin shinkafa don ya yi auki, ta gina wa kanta murhu. Da ta toya shi, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka a jikinsa, murhu kuwa ya riƙa riƙe zafi. Itace uku ke dafa mata mudun wake, ga shi babu hayaƙin da ke sa ido hawaye. Ana nan sai aka yi shela cewa wata ƙungiya ta sa gasa: duk mai dabarar rage cin itace ya kawo ta kasuwa bayan wata ɗaya, a hura wuta gaban alƙalai. Wanda ya ci, za a gina masa wurin aiki mai rufi, a kuma rarraba murhunsa gida-gida a ƙauyuka goma sha biyu. Maƙwabta suka ce mata, "Iya, ai ke aka yi wa shelar nan." Ta ce to, amma bari ta gina na fita kunya tukuna.

Ka san al'adar magina. Tukunya in ta fito daga wuta sai an ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi amo garau, lafiya lau. In amon ya fito a dishe, akwai tsaga a ɓoye, ruwa zai tsiyaye, sai a fasa ta, don maginiya mai mutunci ba ta kai irinta kasuwa. Haka uwarta ta koya mata tun tana ƙarama. Ta toya sabon murhu, ta ƙwanƙwasa, amo a dishe, ta fasa. Ta sake wani, ta fasa. Don Allah ina ruwan murhu da amo? Ruwa za a zuba a cikinsa? Ramukan da suka kashe amon ai su ne ke riƙe zafin! Amma ina. Ta rage ƙaiƙayi, amo ya fito garau, murhu ya koma cin itace kamar na duwatsu uku, ta fasa wannan ma. Fasassun kasake suka taru a bayan ɗakinta. Tsohon murhun kuwa yana nan a madafa yana dafa mata wake kullum, amma ta ce ya yi baƙi, kunya ba za ta bar ta ta ɗora shi a ka ta ratsa kasuwa ba. Ranar gasa ta zo ta wuce, baiwar Allah tana tsugune tana kwaɓa yumɓu.

Wani maƙeri ne ya ci, da murhun da ya ƙera daga tsohuwar gangar ƙarfe. Bai cuci kowa ba, nasa ya fi na duk waɗanda suka je, ko da yake itace bakwai yake ci. Aka raba gida-gida, har gidan maginiyar aka kawo guda kyauta. Haushi ya sa ta ajiye shi kusa da nata baƙin, ta hura su tare. Wakenta ya nuna tubus, na murhun ƙarfe ko laushi bai fara ba. Ta fito tana kiran maƙwabta su zo su gani. Suka gani, suka ce, "Iya, da kin kai." Wa zai sayi murhu ga na kyauta a gida? Damina ta sauka, wurin toyinta babu rufi, ɗanyun kayan da ta shanya suka narke, matan ƙauyukan nan kuwa ba su daina tafiya daji ba.

Abin da ke ba ni takaici ke nan da kai. Ita ta tsaya sauraren amo, kai ka tsaya shafa gefen bulo, sai ka ce kwanciya za a yi a kai. Takawa za a yi! Kwatocin garin nan kuma ba su daina toshewa da leda ba. In an kayar da kai ka dawo, tuwona bai ƙare ba. Ga biro, fito da takardar nan ka cika a gabana, gobe ka ciro bulo biyu daga ƙofar masallaci, da sawun ƙafafun da ke kansu, ka kai musu. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce: sai an gwada akan san na ƙwarai.