Batirin Zuwa Maƙabarta

Tun da kogi ya haɗiye Tungar Barau, ba mai ziyartar kabarin danginsa sai da babur ɗin nutso, mai farfela da ke jan mutum a ƙarƙashin ruwa. Gambo ke ba da baburan haya, kuma ba ya sakin ko ɗaya sai ya gwada batirinsa a cikin duro.

Ba da agogo ake gwajin ba. Gambo ya tsoma babur ɗin ya kunna, Baba Jatau kuma, wanda ya zo neman haya, ya rufe ido yana bin tsohuwar hanyar maƙabarta da baki.

“Mun wuce marina. Ga masallaci, kifaye sun cika shi. Ga maƙabarta, ga Dije.”

Ya ɗaga hannu ya soma yi wa matarsa addu’a. Kafin ya shafa, farfela ta tsaya.

“Ka gani ko, Baba? Zai kai ka, amma dawowar ce babu. Duk batiran sun tsufa. Ka ƙara haƙuri.”

Baba Jatau ya daɗe yana kallon duron har ruwan ya kwanta.

“Sake yi masa caji, ɗana. Ni ma dawowar ce na gaji da ita.”