Lambar da Malam Sammani Ya Manna a Bayan Waya

Shanu goma sha bakwai gare Malam Sammani, shugaban makiyayan Zakka, kuma tun da ɓarayi suka dami yankin kullum sai a sauya wurin kiwo. Shi ya sa ƙungiyarsu ta nemi Zulaihat, 'yar Batsari da ta karanta ilimin kwamfuta, ta haɗa musu manhajar waya da kowa zai rubuta inda garkensa zai yini, don a san inda za a kai ɗauki.

Yarinyar nan ta san aikinta. Kafin komai, ƙofa ta fara ginawa: da an buɗe manhajar sai ta nemi lambar sirrin mai ita, kuma kowa garkensa kaɗai yake gani.

Malam Sammani ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya ce ai duk 'yan uwa ne, a yi lamba ɗaya ga kowa, shi kuma a buɗe masa na mutum arba'in ɗin duka tunda shi ne shugaba. Ta durƙusa, ta saurare shi har ya gama.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Waya ba ta san ɗan uwa ba. Duk wanda ya riƙe ta, shi take yi wa magana."

Ya yi fushi, har ya kai ƙararta wurin mahaifinta. Ba ta sauya ba. Shi kuwa don kada ya wahalar da kansa da hadda, sai ya rubuta lambarsa a takarda ya manna a bayan wayar.

Ranar kasuwar Safana ya bar wayar a rumfar caji, cikin tarin wayoyi, ya tafi cinikin dusa. Wanda ya ɗaga ta ya karanta, Allah kaɗai ya sani. Kwana biyu bayan nan, da la'asar, aka bi shanunsa har fadamar da ya rubuta, aka kore su kaf. Garken kowa yana nan.

Da Zulaihat ta zo jaje, ya kasa haɗa ido da ita.

"'Yata," ya ce a hankali, "da kin bi tawa, da yau babu saniya ko ɗaya a Zakka."

Jama'a, lambar sirri a ka ake ajiye ta, ba a bayan waya ba. Idan masani ya hana ku sauƙin da kuke so, ku saurare shi, dukiyarku yake tsarewa.