Geron da Ake Kaiwa Sheshe

A shekarar yunwa, ba da jimawa ba da isowar jirgin ƙasa Kano, Maharazu dillalin gyaɗa ya kai tsohuwar matarsa Turai ƙara gaban alƙali.

Shekara uku ke nan da ya sake ta, aka yanke masa mudu goma na gero duk Juma'a saboda 'ya'yansa biyu da ke hannunta a Gwale. Bai taɓa fashi ba, don yana tsoron bulala. Bai kuma taɓa bayarwa ba tare da tsaki ba. Mutum ne da ya sayar da gidan gado ya zuba kuɗin a gyaɗa, ya tura mutanen gidan ƙauye, ya huta da gaisuwa. A wurinsa duk bakin da ke tauna ɓarawo ne.

Da gero ya yi tsada sai ya bi sawun buhun geron da kansa. Ya ga ana raba shi biyu, rabi ya nufi wani kango a unguwar Sheshe. Yaran kuwa, an ce da kaɗin auduga Turai take cika musu tukunya. Ya yi murna kamar wanda ya tsinci zinariya.

Ranar shari'a ya sa tsohuwar riga, wadda ya tanada don masu karɓar haraji.

"Allah ya gafarta Malam, 'ya'ya aka ce in ciyar, ba unguwa ba. A tambaye ta wa take kiwo da gerona."

Alƙali ya juya ga Turai. Ta sunkuyar da kai.

"Tsohuwa ce, Malam. Ba ta da kowa."

"Sunanta?"

"Ba na iya faɗin sunanta."

Sau uku ana tambayarta, amsar ba ta canza ba. Maharazu ya dubi jama'a yana murmushi. Alƙali ya rage mudu goman zuwa biyar, ya ba shi izinin kwaso abin da ya rage a kangon. Turai ta bi shi har waje tana roƙon ya saurare ta a keɓe. Ya ce ya gama sauraronta tun shekara uku.

Bayan la'asar ya isa Sheshe da buhunsa. Ɗakin ba ƙyaure, sai tabarma da tulu da ƙwaryar gero a kusurwa. Wata tsohuwa na kwance, ido ya tafi, ƙashin wuya a waje. Ko sallama bai yi ba. Ya durƙusa yana juye geron, ya yi gyaran murya.

Tsohuwar ta ɗago kai, ta laluba ta kama hannunsa.

"Muryar nan ko a kabari na san ta. Yau kai ka kawo da kanka? Tun da yunwa ta koro ni daga ƙauye, Turai ke ce mini duk Juma'a sai ka tambaya ko uwarka ta ci."