Tabon Cikin Verna

Tun farkon mako Verna take amai, ciki ya kumbura ya yi tauri, kafin ta yarda mijinta Orville ya sa ta a akori-kura zuwa asibitin birni.

Aka tura ta cikin na'urar ɗaukar hoton ciki, aka fito da ita. Likita Halvorsen, wata doguwar mace mai sanyin murya, ta ce ƙaramin hanji ne ya toshe. Tabon wani tsohon aiki ya shaƙe shi ta ciki. In ba a buɗe yau ba, hanjin zai mutu.

"Aikin afendis ne," in ji Verna. "Tun ina budurwa, a makarantar kwana."

Ba ta son tuna ranar. Ita ko ciwo ba ta ji ba a lokacin. Mota ce ta zo, aka kira sunayen 'yan matan ɗakinsu na ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, suka jeru a baranda ba takalmi. An ce musu afendis ne yake yawo a makarantar, aka yi musu aiki ɗaya bayan ɗaya.

Likita ta koma kan hoton, ta daɗe tana kallon wasu 'yan ɗigo biyu masu ƙyalli can ƙasa. Ta sake tambayar cikakken suna da ranar haihuwa. Ta fita, ta dawo da wani likitan.

"Kin ga irinta, tsohuwa," in ji Orville. "Hoton cikin wata suka ɗauka, naki za su yanka. Na'urar nan ta fi ni makanta."

"Kai dai rufe mana baki, tsoho."

Amma ta damƙe hannunsa. Shi kaɗai gare ta. Sun tsufa a gida shiru, ba ɗa ba jika, sai 'ya'yan dangi su zo hutu su koma. Ta ce ba mai sa mata wuƙa sai an tabbatar.

Aka sake hoton. Ciwon yana ƙaruwa, leɓenta ya bushe.

Wannan karon likita kujera ta jawo ta zauna.

"Mama, hoton naki ne, bai yi kuskure ba. Toshewar tana nan, sai mun shiga yanzu."

"To me kike ta dubawa, 'yar nan?"

Likita ta dubi Orville, ta sunkuyar da kai.

"Afendis ɗinki yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Mahaifarki aka ɗaure."