Daga Biyar Zuwa Shida

Koci ya goge allo da hannun rigarsa, ya sake zana ɗigo goma sha ɗaya: gola a raga, huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Shekara ashirin yana wannan aiki, kuma in ka ba shi fuska zai rantse maka ko awaki aka ba shi sai ya jera su sun ɗauko kofi. Yau ɗigo ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Lamba biyar.

Katanga ake ce wa mai lambar, don shekara tara yana tsaye a tsakiyar 'yan baya, ƙwallo ta wuce, mutum bai wuce ba. Amma ƙarfi ya fara ja baya. Yanzu in zai waiwaya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar babbar mota a lungu. Shugaban kulob ya riga ya faɗa: bayan wasan Asabar za a rage tsofaffi, in Katanga bai burge shi ba, shi ne na farko. Mutum mai 'ya'ya mata uku, ba shi da wata sana'a sai ƙafarsa.

Koci kuwa ya gano inda ciwon yake. Gola ne.

Wannan Gola ɗan fitina ne na bugawa a jarida. Shi ya saka kwaɗo a takalmin Koci, shi ya ɗinke wa direba aljihu. Amma abin da yake yi wa Katanga ya wuce wasa. Daga busa ta farko har ta ƙarshe bakinsa na kansa.

"Hagunka, tsoho! Hagunka, buhun siminti! Taku uku baya! Tashi, ga ta nan bisa kanka!"

A waje ma bai ƙyale shi ba. In Katanga ya zauna a ƙarshen benci, inda ya saba, Gola zai matso ta hagunsa ya cusa kansa. In suna tafiya bakin titi, yana gefen hagu yana bangazarsa da kafaɗa. Katanga bai taɓa ramawa ba. Koci ya ce a ransa, babu ɗan wasan da zai yi abin kirki ana zubar masa da girma gaban yara.

Ranar Alhamis ya tara su gaban allo. Ya ɗora alli kan biyar, ya ja layi zuwa gaba.

"Katanga, ka koma shida. Kana gaban 'yan baya, kai ne ƙofar gida. Ka tare, ka karɓa, ka raba wa takwas da goma. Shida sai mai ido har a ƙeya, kai kuma ka ga jiya ka ga yau. Shugaba zai ga irin ƙwallon da ke ƙafarka."

Abin da bai faɗa ba shi ne, a can muryar Gola ba za ta kai ba.

"Haba Koci, kada ka yi mini haka," in ji Gola. "To wa zan zaga?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Gola bai yi ba.

"Ka bar mini shi, Koci. Wasa ɗaya kawai. Wallahi na daina saka maka kwaɗo."

"Rufe mini baki. Katanga?"

Katanga ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa. "To, Koci."

Asabar da la'asar fili ya cika, ganga da ƙaho har ba ka jin na kusa da kai. Minti goma sha biyu, Katanga ya karɓi ƙwallo yana neman wa zai ba, lamba takwas ɗin baƙi ya lallaɓo ta hagu ya zare ta kamar ya ɗauki tasa. Aka zura musu ɗaya. Minti talatin, haka aka sake, ta wannan gefen dai. Biyu.

Gola ya bar raga. Ya zo bakin da'irar gidansa, ya wuce ta, jijiyoyin wuyansa a miƙe, yana ihun da ba mai ji. Koci na ɗaga masa hannu ya koma, ko kallo bai samu ba. Ɗan gaban baƙi ya hango raga ba kowa, ya ɗaga ƙwallo daga tsakiyar fili. Uku.

Kafin hutun rabin lokaci Koci ya cire Katanga. 'Yan kallo suka raka shi da ihu. Shugaban kulob ya turo saƙo a taƙaice: Katanga ya ajiye rigar.

Bayan an tashi kowa ya watse, saura biyu a ɗakin canza kaya. Katanga na ƙarshen benci, rigarsa a ninke bisa cinya. Gola na tsugune yana kwance masa takalmi.

Koci ya shigo da niyyar cin mutuncin Gola, sai zuciyarsa ta karye. Ya tsaya a hagun Katanga, ya miƙa masa gorar ruwa. Hannunsa har ya gaji, Katanga bai ko motsa ba. Fushi ne, in ji Koci a ransa, kuma Katanga yana da gaskiya.

Gola ya miƙe, ya kama hannun Koci, ya zagayo da shi dama.

"Au, Koci," in ji Katanga, ya karɓi gorar da hannu biyu. "Yaushe ka shigo?"

Koci ya juya ya dubi Gola. Muryar yaron ta dishe, da ƙyar take fita.

"Yaya Katanga ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don kada a kore shi. Shekara biyu ke nan idonsa na hagu ya mutu, Koci. Ni nake gani masa."